Ku Bar wa Malam Tsagarsa



Makon jiya, a shirin da nake gabatarwa ranar Asabar da dare, wani mai sauraro ya bugo waya daga Bawku ransa a ɓace. Ya ce Turawa sun sabunta tsofaffin wasanninsu na talabijin sun fito tar kamar jiya aka ɗauka, mu kuwa har yau in za ka kalli Samanja ko Osofo Dadzie sai ka ƙanƙance ido kafin ka gane wa ke magana. Ya ce lalaci ne kawai, tunda yanzu ko yaro mai waya yana iya mayar da tsohon bidiyo HD cikin minti goma. Kafin a rufe layi mutum huɗu sun goyi bayansa. Wani daga Yendi har cewa ya yi a kwashe kasakasan gidajen talabijin a ba matasan zango, wata ɗaya sun gama aikin. Minti uku suka rage mini a iska, ban samu na ba su amsa yadda nake so ba. To ga amsar, kuma ba kwana-kwana a cikinta: abin da ake yi da waya ana kiransa sabuntawa, ƙarya ce ake yi da hoto, kuma in muka biye mata za mu ƙarasa ɗan abin da ya rage mana da hannunmu.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada a ce ina kukan ciwon da ba a jikina yake ba. Mahaifina ya rasu ina aji biyu a firamare. Hotonsa mai motsi guda ɗaya ne a duniya: kaset ɗin VHS na wani Maulidi da aka yi a unguwarmu a Salaga cikin 1996, inda ya fito na kamar minti shida yana jan baki a karatun Ishiriniya. Kaset ɗin ya shekara fiye da ashirin a ƙasan adakar mahaifiyata, naɗe cikin ɗankwali. Bara na ɗauke shi na kai wani shago da aka ce suna juye kaset zuwa filashi. Yaron shagon, mai ladabi da shi, ya ce, "Yaya, in ka ƙara ɗan wani abu sai in mayar maka da shi HD." Na ƙara ina murna.

Da daddare muka taru a ɗakin Mma, haka muke kiran mahaifiyarmu, na kunna. Sai ga wani mutum a cikin rigar mahaifina, fuska sumul kamar an shafe ta da man kaɗanya, ya ƙara haske, haƙora jere ba wushirya. Tsagar Gobirawa da ke kumatunsa, wadda ya gada daga kakansa bafataken goro, ta ɓace ɗungurungum. Manhajar ta ɗauka lalacewar kaset ce, ta share. Mma ta daɗe tana kallo ba ta ce uffan ba, sannan ta juyo ta ce da ni, "Kai, wane ne wannan ya sa rigar Malam?"

Washegari na koma shagon in karɓi juyin farko, wanda ba a taɓa ba. Yaron ya ce ya goge, ai mai dattin ne, kuma yana cinye masa wuri a kwamfuta. Muka sake saka kaset ɗin. Wannan karon baƙin gari ya riƙa zuba a cikin na'urar, kuma daidai wurin da Malam yake hoton ya koma ɗige-ɗige. Ban riƙe yaron a zuciya ba, abin da ya ga ana yi shi ya yi. Amma garin neman gira na rasa ido, kuma irin wannan asarar ce masu sauraron nan nawa suke roƙo a yi wa ƙasa baki ɗaya.

Tambayar mutumin Bawku tana da amsa, kuma amsar tana cikin bambancin fim da kaset. Fim ɗin silima doguwar leda ce mai hotuna a jere, in ka ɗaga ta a hasken rana za ka ga mutanen da idonka. Fim mai faɗin milimita 35 yana riƙe da bayanin hoto fiye da abin da talabijin ɗin da take iya nunawa, saboda haka in aka sa shi a na'urar zamani sai a fito da abin da dama yana ciki. Kaset kuwa sigina ce aka rubuta da maganaɗisu, kuma iyakar abin da aka rubuta ranar ɗauka shi ke nan har abada. Tsarin talabijin da Gana da Nijeriya suka yi aiki da shi layi 576 yake nunawa. In aka juye shi zuwa kwamfuta, hoto ɗaya yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato 414,720. Hoton HD cikakke yana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato 2,073,600. Ka raba da kanka, ninki biyar ne cif. Ma'ana, duk wanda ya ce ya mayar maka da kaset HD, a cikin kowane ɗigo biyar da kake kallo huɗu ba kyamara ce ta ɗauke su ba. Wannan ma lissafin kaset ɗin gidan talabijin ne mai kyau. Na VHS irin wanda masu bidiyon biki suke yawo da shi bai kai nan ba.

To daga ina sauran huɗun suke zuwa? Daga cankar na'ura. An nuna wa ƙirƙirarriyar basira fuskoki masu ɗimbin yawa, in ta ga inuwa mai kama da fuska sai ta cike gurbin da irin fuskokin da ta saba gani. Ba ta san bille ba, ba ta san kalangu ba, ba ta san tsagar Dagomba ko ta Mosi ko ta Gwanja ba. Ba ta san aikin aska takwas a gaban riga ba, sai ta murje shi ya zama wani zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin irinsa. Rubutun ajami a jikin allo ko bango kuwa, sai ta mayar da shi wasu ƙugiyoyi da ba harafi ba. Mu da tarihin danginmu yake rubuce a kumatu, na'urar da take ganin tsaga a matsayin datti ba abokiyar tafiyarmu ba ce.

Su Turawan da ake ba mu misali da su, a duba yadda suka yi nasu. Wasan Star Trek na Amurka wanda aka nuna daga 1987 zuwa 1994, kashi 178, da fim aka ɗauke shi, aka haɗa shi a kaset. Da suka tashi sabunta shi, ba kaset ɗin suka hura ba. Sun koma rumbu suka zaƙulo dubban gwangwanayen fim na asali, suka sake haɗa kowane kashi daga farko, suka fitar da shi tsakanin 2012 da 2014. Kuɗin da aikin ya ci bai dawo yadda suka zata ba, shi ya sa ƙannensa biyu da suka biyo baya har yau suna nan da tsohon hotonsu. Wannan fa Amurka ke nan, mai kuɗi da rumbu mai sanyi.

Mu ma muna da namu misalin, kuma da Hausa. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar fina-finan Nijeriya a Legas, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya fito da kyau saboda fim ne, kuma saboda ledar asali ta tsira. Waɗanda suka yi aikin goge ƙura suka yi, ba su ƙara wa kowa hanci ba.

Wasannin da muke kewa kuwa ba su yi wannan sa'ar ba. Talabijin ta fara aiki a Gana ranar 31 ga Yuli, 1965, mai launi ta zo a 1985. Osofo Dadzie da Obra, da irin su Samanja a Kaduna, yawancinsu a ɗakin shiri aka ɗauke su da kyamarar bidiyo kai tsaye zuwa kaset. Kaset a lokacin tsada gare shi, don haka gidajen talabijin na duniya, har da BBC, sukan goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kai. Sannan a 1989 gobara ta cinye ɗakin ajiyar fina-finai da kasakasan GBC a Ankara, wato Accra, ta tafi da aikin shekara ashirin da wani abu. A 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin fina-finai na ƙasa ga wani kamfanin Malesiya, masu sayen kuwa gidan talabijin suka zo buɗewa, ba su zo renon tsofaffin gwangwanaye ba. Saboda haka in ka ce a mayar da Osofo Dadzie HD, tambayar farko ita ce: wanne daga ciki ya rage, kuma a hannun wa yake? Sau da yawa abin da ya tsira shi ne wanda wani bawan Allah ya naɗa a gidansa daga akwatin talabijin.

Akwai ɓarna ta biyu da masu HD suke yi, ita ce yanka. Tsohuwar talabijin kusan murabba'i ce, huɗu bisa uku. Ta yanzu shimfiɗaɗɗiya ce, sha shida bisa tara. Don a cika allon zamani sai a datse sama da ƙasa, kuma lissafi ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na hoton ke tafiya. A wasanninmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. A sama hula da rawani suke, waɗanda da su ake gane wane ne malami wane ne dogari. A ƙasa kuma nan ake durƙusawa, nan ake cire takalmi, nan yaro yake zama in babba yana kan kujera. Ka yanke sama da ƙasa, ka yanke ladabin da wasan yake koyarwa. Waɗanda ba su yanka ba sai su ja hoton ta gefe, kowa ya koma gajere mai faɗi kamar tulu. Ko kamfanin Disney ya yi wannan kuskuren a 2019 da wasan The Simpsons, ya datse wuraren ban dariya, masu kallo suka yi ca, a 2020 dole ya dawo da siffar asali. Su suna da asalin da za su koma wa. Mu in yaron shago ya goge fa?

Ta uku ta fi ci mini rai, don ni mutumin rediyo ne. Dukiyar wasannin nan a baki take. Abin da ya sa ake tuna marigayi Usman Baba Pategi shi ne Hausar barikin da yake cakuɗawa da Turancin soja. Abin da ya sa ake tuna Kasimu Yero da Super OD shi ne yadda suke ajiye magana a inda ta dace. Amma dubi abin da ke yawo a Facebook da TikTok: an bi murya da manhajar kashe ƙara har ta koma kamar daga cikin randa ake magana, an ɗora kiɗan zamani a kai, an yanke sunayen 'yan wasa na ƙarshe an manna sunan mai shafi. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Super OD a 2018, Samanja a 2023. Ba su nan balle su ce wannan ba muryata ba ce.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a iska. Za a ce yaran yanzu ba za su kalli hoto mai hazo ba, in ba a gyara ba wasannin za su mutu a kwaba. Akwai gaskiya a ciki, kuma ni ban ce kada a taɓa komai ba. Gyara na gaskiya yana nan: a wanke kaset, a kunna shi a na'ura mai lafiya, a daidaita rawar hoto, a maido launin da ya kauce, a rage shuu ɗin da ke bayan murya ba tare da an ci muryar ba. Duk wannan fito da abin da ke ciki ne. Wanda kuma yake son ya yi wa yara kwalliyarsa ta ƙirƙirarriyar basira, bismilla, amma da sharaɗi biyu: ya ajiye juyin asali, kuma ya rubuta a jiki cewa wannan na'ura ce ta zana. Batun cewa yara ba sa kallon mai hazo kuwa, ku leƙa wayoyinsu. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp sau ashirin har fuska ta narke suna kallonsa suna dariya, in dai abin da ke ciki ya kai.

Mu mutanen Salaga bai kamata a koya mana wannan ba, don mun gaji sana'ar kwafe littafi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a garin nan har yaƙin 1892 ya tashe shi zuwa Kete Krachi inda ya rasu a 1934, rubuce-rubucensa sun iso gare mu ne ta hannun almajirai masu juyawa da tawada. Ladabin mai kwafe sananne ne. In ya iske gara ta ci kalma, ba ya ƙirƙiro tasa ya cusa a bakin malam. In zai yi gyara sai ya yi a gefen takarda inda kowa zai gane hannunsa ne, a ƙarshe ya nemi gafarar kuskurensa. Da masu bincike na Jami'ar Legon suka zagaya arewa a shekarun 1960 suna tattara rubutun Larabci da ajami, aron takardu suka riƙa yi, su ɗauki hotonsu, su mayar wa masu su. Da a ce wani ya bi waƙoƙin Alhaji Umaru ya canza duk kalmar da ta yi masa tsufa, me za mu kira shi? To sunan nan shi ne sunan mai share tsaga.

Kuma yayin da muke gardamar HD, lokaci yana cin kasakasan. Garin maganaɗisun da ke riƙe da hoto, danƙo ne ya manna shi a jikin leda. Danshin damina yana ruɓar da danƙon, funfuna ta hau, zafin bazara ya gasa, ƙurar hunturu ta shiga. Wannan baƙin garin da na ga yana zuba a shago, fuskar mahaifina ce. Na'urorin kunnawa su ma sun ƙare: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Hukumar adana fina-finai da sauti ta Ostareliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a juye ba zuwa 2025 da wuya a cece shi. Shekarar da suka ambata ta riga ta iso, mu ko ƙidaya namu ba mu yi ba. Ga shi kuma garuruwan nan namu uku duk sun san tashin hankali, kuma wuta in ta kama gida ba ta tambayar kaset ɗin wane ɓangare ne.

Kada kuma a ce sai gwamnati. Ɗakin fayafayen garmaho na GBC, wanda gobarar ba ta ci ba, an juye waƙoƙinsa zuwa kwamfuta da tallafin Jamus, abin a yaba. Amma talabijin ɗin mutanen arewa ta gaskiya ba a Ankara aka ajiye ta ba. Tana hannun masu bidiyon nan da suka yi shekaru suna saɓa kyamara a kafaɗa: Damba a Yendi, Samanpiid a Bawku, Maulidi da saukar Alƙur'ani a Salaga, naɗin sarkin zango, dawowar alhazai, wasannin kwaikwayon ƙungiyoyin matasa. Akwai makaɗa da maroƙa da malamai da babu inda muryarsu ta rage sai a nan. Kuma kada kowa ya rena ɗakin ajiya mai ƙura. A 2013, kashi tara na wasan Doctor Who da BBC ta nema ta rasa a Ingila, a wani ɗakin gidan talabijin a Jos aka same su. In Bature zai zo har Jos neman nasa, mu me ya hana mu buɗe adakar iyayenmu?

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar taro a otal. Wanda yake da kaset ya fito da shi daga ƙasan gado, ya tsayar da shi a tsaye a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika. In ya ga fari-fari a jikin ledar kada ya kunna don gwaji, wataƙila kunnawa ɗaya ta rage masa, ya bari sai ranar da za a juye. In ya kai shago ya ce a ba shi juyin farko yadda yake, da hazonsa da faɗinsa na asali, ya ajiye a wuri biyu, ɗaya a wani gida daban. Kada ya jefar da kaset ɗin bayan an juye. Sannan ya zaunar da tsohuwar gidan ta faɗa masa sunan duk wanda ya gifta a hoton, da shekara, da unguwa, ya rubuta. Hoton da ba a san wanda ke ciki ba, ko ya fi madubi haske, rabinsa ya mutu. Mu kuma na gidajen rediyo, da sarakunan zango, da 'yan majalisar gunduma, mu nemi tsofaffin masu bidiyo tun suna da rai, mu sayi na'urorin da suka rage a hannun masu gyara kafin a sayar da su a kilo. Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara UNESCO ta keɓe don tunawa da irin wannan gadon. Ko a ranar kaɗai muka buɗe layi muka ce wa ke da kaset, za mu sha mamaki.

Ɗan'uwana na Bawku, na ji zafinka, ni ma ina son in ga Samanja tar. Amma tsakanin Samanja mai hazo da wani baƙo mai sheƙi sanye da kakinsa, na zaɓi mai hazo. A ceci abin tukuna yadda yake. Na'ura za ta ci gaba da ƙwarewa, jikokinmu za su iya yin gyaran da ya fi namu, in mun bar musu asalin da za su koma wa.

Ni dai abin da ya rage mini shi ne murya, ita Allah Ya sa yaron bai taɓa ba. Na cire ta daban na sa wa Mma a waya. Takan kunna bayan sallar isha'i, ta kifa wayar a kan tabarma don kada ta ga baƙon nan, ta saurara har minti shidan su ƙare. Ƙanwata da aka haifa bayan rasuwarsa ta taɓa tambayarta yadda tsagar take, sai Mma ta kama fuskarta ta zana mata da yatsa, daga gefen baki zuwa kunne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.